Zuwa ga Mamana a Landan

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya, ke da maigidan da yaran. Mu nan sai godiya. Ƙafar Hajiya ta yi sauƙi, har ta koma zuwa islamiyya da kanta.

Gwaggonki ta zo ranar Juma'a da magana cike da bakinta. Wai an ce mata kin ajiye karatu kin koma zama da tsofaffin Yahudawa kina naɗar muryarsu, alhali ga abin da ake gani a Gaza. Na ce ta sha ruwa tukuna. Na gaya mata aikin digirinki ke nan, kuma yaron da aka raba da uwarsa yana ɗan shekara shida a 1939 bai ci wa kowa komai ba, zalunci kuwa zalunci ne ko a kan wa ya faɗa. Ta tafi ba ta gamsu ba. Kin san halinta tun rabon gidan Tudun Wada. Kada wannan ya dame ki, ba shi ya sa na ɗauki biro ba.

Muryoyin da kika turo ta waya na saurare su, duk da Turancin wasu tsofaffin ya sha mini kai. Kin fi ni sanin labarin, amma bari in maimaita don ki tabbata ban yi barci a kai ba. Bayan daren 9 ga Nuwamba 1938, da aka ƙone wuraren ibadarsu aka farfasa musu shaguna a Jamus da Ostiriya, Ingila ta ce a kawo yaran, amma ban da iyayen, kuma kowane yaro sai an tsaya masa da fam 50. Ayarin farko ya sauka tashar jirgin ruwa ta Harwich a Ingila ranar 2 ga Disamba, yara wajen 200. Kafin ƙofa ta rufe an kwaso kusan 10,000, abin da kuke kira Kindertransport. Akwati ɗaya, mak 10 na kuɗin Jamus a aljihu, lamba rataye a wuya. Na ji yadda a sansanin Dovercourt mutane ke zuwa ran Lahadi su zaɓi ƙanana masu kyan gani su bar manya a tsaye. Na ji labarin Nicholas Winton, Baturen Ingila da ya fitar da yara 669 daga birnin Prague, da jirgin ƙasansa na ƙarshe mai yara wajen 250 wanda bai tashi ba, don yaƙi ya riga shi ranar 1 ga Satumba 1939. Daga baya tsakaninsu da iyayen sai saƙon Red Cross, kalma 25 ba ƙari, har shi ma ya daina zuwa. Allah ya kiyashe mu da irin wannan rana.

Duk wannan ya taɓa ni, amma abin da ya hana ni barci daban ne, kuma ban ji kin tsaya a kansa ba. Ƙananan cikinsu, 'yan shekara huɗu, biyar, shida, cikin 'yan watanni Jamusanci ya fita daga bakinsu. Wasiƙar uwa ta iso, sai an nemo mai karanta wa yaro ya fassara masa. Da yawa ba su sake ganin iyayensu ba, wannan kowa ya sani. To amma waɗanda suka sake ganin nasu fa? Ki koma kan Ruth Barnett. Tana da shekara huɗu ta bar Berlin tare da yayanta a 1939. Sai 1949 mahaifiyarta ta zo Ingila nemanta. Uwa ta tsira, 'ya ta tsira, aka tsayar da su gaba da gaba, ita ba Jamusanci, uwar ba Turanci, yarinya tana kallonta kallon baƙuwa. Shekara goma matar nan tana jiran wannan rana.

Mamana, ranar ƙaramar Sallah da kika kira, na ce wa Sadiq, "Abokina, an sha ruwa lafiya? Ina tukuicina?" Ya dube ni, ya juya ya dube ki, kika fassara masa, ya amsa da Turanci, kika fassara mini. Kika yi dariya, ni ma na yi. Shekararsa bakwai. Amaryata kuwa ko "ina kwana" ba ta iya ba, hannu kawai take ɗaga mini. Hajiya ta ce in yi shiru kada in ɓata miki rai, na yi shirun har na ji waɗannan tsofaffin, to yanzu ba zan iya ba.

Iyayen yaran can ba su da zaɓi. 'Yan sandan Hitler na bakin ƙofa, suka sa 'ya'yansu a jirgin ƙasa suna cewa muna nan tafe, sun san da wuya. In harshe ya ɓace a haka, ba wanda zai zarge su. Ke wa ya kore ki? Wa ya tsaya a kanki ya hana ki yi wa 'ya'yanki Hausa a ɗakinki? Ke Bahaushiya, mijinki Bahaushe, tuwo kuke ci, amma yara sai sun nemi tafinta kafin su gaida kakansu. Kina iya zama yini guda gaban tsohuwar wani gida, ki haƙura da kukanta, ki jira ta nemo sunan titin da aka haife ta, ki rubuta kowace kalma. Madalla. Ga Inna nan ta haura tamanin, har yau ba wanda ya zauna ya ji daga bakinta yadda ta fito da mu daga Inugu a 1966. In ma kin naɗa, wa zai saurara? Sadiq? Da wane kunnen? Su tsofaffin naki shekara hamsin suka yi ba mai tambayarsu, sai a 1989 Bertha Leverton, ɗaya daga cikinsu, ta tara su a nan Landan suka fara buɗe baki, lokacin waɗanda za su cike musu giɓin labarin duk sun tafi. Kin san wannan sarai, kuma kina bin hanyar da idonki biyu.

Na san amsar da ke bakinki. Za ki ce ni na fara, ni na kai ki makarantar kwana kina shekara goma, inda ake cin tarar wanda ya yi Hausa, ni kuma na sayar da gonar Hunƙuyi don ki tafi Ingila, duk da abin da Baffanki ya ce. Haka ne, kuma ko gobe zan sake. Ban ga abin da-na-sani a ilimin da na ba ki ba. Amma ke kin tafi da harshenki a bakinki. Kowane hutu kina gindin murhu wajen Inna, kina shan tatsuniya da zagi da karin magana. Ban taɓa amsa miki da Turanci a cikin gidana ba, ni da nake cin abinci da Turancin. Ki tambayi Hajiya in ƙarya nake.

Na yi zafi, ki yi haƙuri. Na san ba a kwance kike ba. Ga karatu, ga aikin dare na maigidan, ga yara da ke yini a makaranta su dawo da harshen da suka yini a cikinsa, kuma wanda ya gaji abin da ya fi sauƙi yake kamawa. Hajiya ma ta ce kin rame, tana zargin muryoyin nan ne kike kwana da su a kunne. In haka ne ki riƙa cire abin sauraron in an yi isha'i, ki yi addu'o'inki ki kwanta.

Abin da nake roƙo ba shi da yawa. In an zauna cin abinci, Hausa. In Sadiq ya dube ki, kada ki fassara, ki bar shi ya yi gumi, zai nemo. Duk Juma'a ki haɗa su da Inna a waya ko da gaisuwa ce kawai, ta iya da yara, ba ta gajiya da maimaici. Dogon hutun bana kuma ki kawo mini su, ba na sati biyu ba, hutun gaba ɗaya. Kuɗin jirgin yaro ɗaya na ɗauka, na riga na ware daga fansho, kada ki yi mini musu. Ki zo da na'urar naɗar muryar taki, na yi wa Inna maganar, ta ce sai dai in za a saya mata goro.

Alhaji Ƙarami zai taso ƙarshen wata, Hajiya ta ba shi kuka da daddawa da yaji. Ki gaida maigidan, ki ce masa wasiƙar nan har da shi. Ina jiran amsa, kuma a rubuce nake so.

Allah ya yi miki albarka, ya raya mana su.

Mahaifinki,
daga Zariya