Godiya ga Injiniya da yaransa na garejin motocin Jamus a Apo

Assalamu alaikum Injiniya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya aiki, ya yara? Na zaɓi in yi wannan godiyar a bainar jama'a ne domin na san akwai masu irin motata da ke kwana da fargabar da na daɗe ina kwana da ita.

Porsche Boxster ce ƙirar 2003, 'yar Kwatano. Tun ranar da na saye ta abokai suka fara yi mini jaje, saboda wani ɗan boris na cikin injin da ake kira boris ɗin IMS. Shi ke riƙe da ƙarshen sandar da ke karɓar juyi daga karanshaf tana miƙa wa sarƙoƙin tayimin. Idan ya watse tayimin ya goce, fistin ya doki bawul, garin ƙarfe ya bi baƙin mai ya zaga ko'ina, injin ya tashi aiki. Kuma ba surutun majalisa ba ne. Masu motocin sun kai kamfanin ƙara a Amurka har aka sasanta a 2013, inda aka ruwaito cewa boris mai layi ɗaya na ƙwallaye, irin na tawa, yana lalacewa a kusan motoci 8 cikin 100, alhali tsohon mai layi biyu bai kai 1 ba.

Wani bakanike ya ce mini in manta kawai in ci gaba da hawa. Wani kuma ko kunna ta bai yi ba ya yanka mini kuɗin sauke injin. Kai ka ce a fara dubawa.

Abin da na gani ran nan shi ya sa na ɗauki alƙalami. Kun juye mai ta cikin farin ƙyalle, ka yanka filta da hannunka, ka baje takardarta a rana kana bin ta lungu-lungu da maganaɗisu. Yaronka ya kwance farantin ƙasan injin, sannan kuka jona kwamfuta kuka karanta tayimin kamshaf na ɓangarorin injin biyu. Komai fes. Har na fara murna, sai ka taka mini burki: filta mai tsabta shaida ce cewa boris bai fara ci ba zuwa yau, amma ba ta san gobe ba, domin ba a ganinsa sai an sauke giyabos da fulawil. Ka ƙara da cewa da an ga ƙyalƙyalin ƙarfe, ba za ka karɓi kuɗina ka sa sabo ba, tunda garin da ya riga ya shiga injin zai cinye shi.

Shawararka ita ce in jira kuloci, wanda dama ya fara santsi, a yi aikin a sauka ɗaya. Haka aka yi bayan wata biyu. Da kuka ciro tsohon ka sa mini shi a tafin hannu: robarsa ta bushe, giris ɗin ciki ya wanke, sai wani baƙin mai mai wari, ga ɗan lilo in an girgiza. Kuka sa mai ƙwallayen seramik, kuka haɗa da oyal sil na bayan karanshaf da ke ɗiga. Kuɗin dai na ji shi a jikina, ba zan ɓoye ba, amma ko kobo bai ƙaru a kan abin da muka yi magana ba.

Na bi umarninka, ina juye mai da wuri, kuma na daina jibge ta a gida tana shan ƙura. Makon jiya na kai ta Kaduna na dawo, rediyo a kunne, ba kunnena a kan injin ba.

Allah ya yi wa sana'a albarka, ya ƙara kasuwa. A gaida mini yaron nan da ya wuni a ƙarƙashin mota bai ko yi tsaki ba.

Naka,
Mai farar Boxster, Abuja