Rahoton Ayyukan Shekarar 2019 Ga Membobin Ƙungiyarmu Ta Magoya Bayan Pillars

Assalamu alaikum 'yan uwa, dattawanmu da matasa, Sai Masu Gida. Kamar yadda muka saba duk ƙarshen shekara ga rahoton abin da muka yi daga ofishin sakatare, ku yi haƙuri ya ɗan yi tsawo, bana abubuwan ne da yawa. Lissafin kuɗi yana wajen ma'aji zai karanto shi da bakinsa ranar mitin da rasit ɗinsa a hannu, don haka kar wanda ya tare ni a hanya da maganar kuɗi don Allah.

Babban abin da muka yi bana ba zuwa Kaduna ba ne duk da na san shi kowa ke jira in fara da shi. Babban abin shi ne haɗewar da muka yi da 'yan majalisar tsallaken titi. Shekara da shekaru muna unguwa ɗaya, kulob ɗaya muke so, ranar wasa mu ɗau motarmu su ɗau tasu, a fili mu zauna nan su zauna can, har ganga ma kowa da tasa ana kiɗa biyu kamar ana gasar kishiyoyi. A farkon shekara aka fara zama kuma wallahi sai da aka yi zama huɗu ba a tsinana komai ba, kullum a kan wa zai zama ciyaman, sunan wa za a bari, asusun wa za a zuba a na wa. A zama na biyar ne wani dattijonmu da ba ya cika magana, wanda ya yi aiki a WRECA, hukumar ayyukan ruwa ta Kano, har ya yi ritaya, ya gyara hularsa ya ce "yara, ita Pillars ɗin da kuke wannan rigima a kanta kun san daga ina ta fito?" Aka yi tsit. Wani yaro daga baya ya ce ai gwamnati ce ta kafa ta Baba, ya ce to da me ta kafa ta, da iska?

Nan ya ba mu labarin da rabinmu ba mu sani ba, ni kaina sakatare sama-sama na san shi. A 1990, shekarar da aka fara gasar ƙwararru a Najeriya, Kano tana da kulob-kulob amma babu guda ɗaya da zai iya ɗaukar nauyin shiga shi kaɗai, don ƙwallon ƙwararru ba irin na da ba ne da ma'aikaci zai tashi daga ofis ya ɗau takalminsa ya tafi fili, yanzu sai an yi wa ɗan wasa kwantiragi an biya shi albashi an kai shi Legas ko Fatakwal an dawo da shi. Shi ne aka tattara guda uku, WRECA ta hukumar ayyukan ruwa, da Kano Golden Stars, da Bank of the North ta banki, aka narka su wuri ɗaya aka samu Kano Pillars, da tsayuwar mutane irin su Alhaji Ibrahim Galadima wanda daga baya ya riƙe hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa. Baba ya ce shi ɗan WRECA ne gaba da baya kuma ranar da ya ji sunan ya tafi bai ji daɗi ba, to amma yau wa zai ce masa kofin lig na 2008 da na 2012 da 2013 da 2014 ba nasa ba ne? Ya ce ko shi bankin ma ai daga baya haɗe shi aka yi da wasu aka samu Unity Bank a 2006, wato da 'yan banki sun ƙi yarda a lokacin da yanzu ina ƙungiyarsu take.

Wani cikin yaranmu masu kallon Turai ya sa baki ya ce ai PSG ma haka take, a 1970 aka haɗa Paris FC da Stade Saint-Germain. Gaskiya ya faɗa, sai dai abin da ya ba ni haushi shi ne yaron ya san na Faransa da shekararsa amma bai san na Ƙofar Mata, wato na Pillars ɗinmu, ba. Kuma ba laifinsa ba ne, namu ne.

A daren aka gama magana. An ajiye sunaye biyun duka an ɗau sabo, ciyaman daga ɓangarensu ma'aji daga namu, asusu ɗaya, gangunan kuma an haɗa su wuri ɗaya a shagon mai shayinmu. Ba zan ce komai ya tafi sumul ba, har yanzu akwai masu cewa "ku" da "mu" a gurup, kuma akwai mutum biyu-uku da suka yi fushi suka daina zuwa mitin, kwamitin sulhu ya je gidajensu har sau biyu, muna nan muna jiransu ƙofa a buɗe take.

Sai maganar lig. Kun san bana gajeruwar kaka aka yi, aka raba ƙungiyoyi rukuni biyu sannan shida na sama suka haɗu a filin Agege a Legas a watan Yuni. Enyimba ta ɗauka mu muka zo na biyu, wanda ya ba mu tikitin gasar zakarun Afirka. Wasannin gida na filin Sani Abacha kusan duka mun halarta a tare, kuma tsarin da aka kawo na sayen tikiti a dunƙule tun da safe ya rage mana turmutsutsun bakin gate sosai. Legas ba mu iya ɗaukar mota ba, 'yan ƙalilan ne suka je da kuɗin aljihunsu, 'yan uwanmu na Agege suka sauke su suka ciyar da su, Allah ya saka da alheri. Abin da ya faru bayan wasanmu da Rangers a can da 'yan kallo suka afka cikin fili kowa ya gani a bidiyo, kuma kulob ne ya biya tara ba masu jifan ba. Shi ya sa muka zartar a mitin ɗin Yuli cewa duk memban da aka gani ya tsallaka waya ko ya ɗaga dutse, ko raf ya yi abin da ya yi, mun karɓe katinsa. Wasu sun ce dokar ta yi tsauri. Ni dai ra'ayina ba ta yi ba, in aka rufe mana fili aka kai mu wani gari buga wasan gida mu ne dai za mu sha kuɗin mota.

To yanzu Kaduna. Wanda bai manta Asaba ba shi ya san abin da ranar nan take nufi. Bara a wasan ƙarshe na kofin Aiteo muna cin Rangers 3-0, mun fara kiran gida a ɗora shinkafa, suka farke duka ukun suka cinye mu a fenareti, akwai wanda a cikinmu ya yi sati bai fito majalisa ba. Don haka da muka sake kaiwa wasan ƙarshe bana da Niger Tornadoes a filin Ahmadu Bello a ƙarshen Yuli babu mai baki, har masu cika baki sun koyi cewa in Allah ya yarda. Bayan asuba muka tashi, karo na farko da ɓangarorin biyu suka shiga motoci a gauraye, kowa da rigarsa ruwan ɗorawa da kore, muka tsaya Kwanar Dangora aka karya, ɗayar motar ta yi faci kafin Zariya aka ɓata kusan awa guda a bakin titi. Minti 90 ba ci, aka tafi fenareti, ni dai ban kalla ba, na juya baya na riƙe kafaɗar wani da wata shida da suka wuce ko gaisawa ba ma yi, ihun mutane ne ya gaya min an gama mun ci 4-3. Baban nan na WRECA yana zaune bai tashi ba, ya cire tabarau yana goge ido da bakin babbar riga, ya ce rabon Kano da wannan kofi tun 1953 lokacin ana ce masa Governor's Cup, shekara 66 ke nan. Koci Ibrahim Musa da kyaftin Rabi'u Ali da sauran yara sun fitar da mu kunya. Mun shigo gari tsakar dare muryar kowa ta dishe.

Afirka kuwa ba ta yi mana daɗi ba. A watan Agusta mun ci Asante Kotoko 3-2 a gida, ƙwallo biyun nan da suka zura mana su suka kashe mu, a Kumasi suka ci 2-0 muka fito tun zagayen farko. Mun so tura wakilai ta mota, sai ga rufe boda da gwamnati ta yi a watan, aka ga gara a haƙura. Mun kalla a majigi da janareton aro, kuma Hausawan zangon Kumasi da ke gurup ɗinmu sun yi ta tsokanarmu har gari ya waye, yawancinsu 'yan Kotoko ne ashe. Masu tuna 2009 da muka fitar da Al Ahly muka kai kusa da na ƙarshe sun san za mu iya fin haka.

Ɓangaren zumunci an je duba marasa lafiya, an je ta'aziyya gidajen membobin da suka yi rashi, Allah ya jiƙansu, an yi gasar yara ta hutun makaranta a filin firamare kuma an gama lafiya. Kuɗin wata-wata kam ana jan ƙafa, ma'aji zai faɗi sauran.

Shekara mai zuwa Pillars za ta cika 30, kuma mitin ya amince da aiki ɗaya, a bi tsofaffin 'yan wasa da magoya bayan WRECA da Golden Stars da Bank of the North gida-gida a ɗau muryarsu a waya tun suna raye. Mun riga mun samu hoto ɗaya mai baƙi da fari da wata tsohuwar riga da asu ya ci gefenta. Duk mai irin wannan a akwatin mahaifinsa ya taho da shi mitin ɗin Asabar ta farko a Janairu bayan la'asar, za mu ɗau hotonsa a nan take mu mayar masa da kayansa.

Naku,
Sakatare