A ba mu labarin jirgin ƙasa, a kuma duba masu ƙetare Gulbi

Malam Edita, assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili.

Ni 'yar kasuwa ce, atamfa nake sarowa daga Kantin Kwari. In na tashi daga Maraɗi da asuba, ta Ɗan Isa da Jibiya, sai rana ta yi nisa nake ganin Kano. Mutum huɗu a kujerar mutum uku, kaya bisa cinya, ƙafa ta kumbura kafin Katsina.

Tun watan Fabrairun 2021 aka ƙaddamar da aikin layin dogo na Kano zuwa Maraɗi, kilomita 284, ta Kazaure da Daura da Katsina. Mun yi murna ƙwarai. Amma mu da layin zai ƙare a ƙofarmu, ya kamata a zauna da mu. Ina tashar za ta kasance? Talaka zai iya kuɗin tikiti? Mun ga layin Yamai zuwa Doso, an shimfiɗa ƙarfe, yau ba jirgin da ke bi. Wallahi ba ma son ganin haka nan.

Ga kuma Gulbin Maraɗi. Da damina in ya cika, 'yan'uwana na ƙauye cikin kwale-kwale suke ƙetarowa. Na taɓa shiga da wata mai goyo, ruwa na shigowa ta tsaga, yaro na kwashewa da ƙwarya, ba rigar ruwa ko ɗaya.

Mun fara tattaruwa, matan kasuwa da direbobi, za mu kai kukanmu gun magajin gari da gwamna. Muna roƙon jiragen ruwa masu inji a mashigai tun kafin ruwan bana ya sauka.

Wata 'yar kasuwa,
Unguwar Zariya, Maraɗi