Muna Buƙatar Cibiyar Binciken Hoton Ƙwayoyin Jiki a Jami'o'inmu

Ranka ya daɗe Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili in yi magana kan wani fannin likitanci da ba a cika tattauna shi a shafukanku ba, wato ɗaukar hoton abin da ƙwayoyin jiki ke aikatawa tun kafin ciwo ya fito fili.

A Jami'ar Stanford ta Amurka an kafa shiri na musamman kan wannan a 2003, ƙarƙashin marigayi Farfesa Sanjiv Gambhir, inda likitoci da masana sinadarai da injiniyoyi ke aiki tare. Na'urar PET, mai ɗaukar hoton cikin jiki, na cikin manyan kayan aikinsu. Ana yi wa majinyaci allurar wani nau'in sukari mai ɗauke da sinadarin fuloorin-18. Ƙwayoyin ciwon daji sun fi lafiyayyu zuƙar sukari, don haka sai wurin ya haska a hoto, likita ya ga inda ciwon ya bazu da ko magani na kamawa.

Wahalar tana nan: ƙarfin sinadarin yakan ragu da rabi cikin kusan minti 110. Ba a sayo shi daga nesa a ajiye. Dole injin sayikulotiron da ke haɗa shi ya kasance kusa da asibiti.

Shi ya sa nake kallon Zariya. Jami'ar Ahmadu Bello tana da cibiyar binciken makamashi mai na'urar nukiliya ta bincike tun 2004, ga asibitin koyarwa a Shika. Masana kula da sinadaran nukiliya suna nan. Ina roƙon gwamnatin tarayya da asusun tallafa wa manyan makarantu na TETFund su samar da injin da na'urar PET a can, saboda masu ciwon daji daga Arewa su daina doguwar tafiya neman hoto guda.

Naka mai karatu,
daga Samaru, Zariya