Jacques Brel ɗan Beljiyam ne, don Allah a gyara

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina jinjina muku kan filin tsofaffin waƙoƙi na daren Lahadi, wanda ba ya wuce ni. Sai dai a makon jiya, da kuka saka waƙar Jacques Brel, mai gabatarwa ya kira shi Bafaranshe har sau biyu. Abin ya tsaya mini a rai.

Da Faransanci ya yi waƙa, amma a Brussels, babban birnin Beljiyam, aka haife shi a 1929. Mahaifinsa na da masana'antar kwali, shi ma a nan ya fara aiki, ga albashi ga rufin asiri. A 1953 ya ɗauki gitarsa ya tafi Paris, ya yi ta rera waƙa a ƙananan gidajen shaƙatawa kafin duniya ta san da shi. Duk da haka ƙasarsa ba ta fita daga bakinsa ba. Ku saurari Le Plat Pays ta 1962: filin Flandre ne, yankin arewacin Beljiyam da ke bakin teku, shimfiɗe ba tudu ba dutse, sama ta yi duhu, iska na kaɗawa. Ina ɗan makaranta a Damagaram malaminmu ya zo da rakoda aji, ya rubuta baitocin a allo da alli, ya saka kaset ɗin sau uku. Lokacin hunturu ne, ƙura na shigowa ta taga. Babu wanda ya taɓa ganin teku a cikinmu, amma ajin ya yi tsit.

Brel idan ya hau dandali sai gumi ya jiƙa masa riga sharkaf. Yana kan ganiyarsa, a 1966, ya ce ya bar waƙa a gaban jama'a, kuma a 1967 ya cika maganarsa.

Ƙarshen rayuwarsa ya fi taɓa ni. Bayan an yi masa aikin ciwon daji na huhu, ya zauna a tsibirin Hiva Oa, can tsakiyar tekun Fasifik. Ya sayi ƙaramin jirgin sama yana tuƙawa da kansa, yana kai wa mutanen tsibiran wasiƙu da magani, yana ɗaukar marasa lafiya. Ya rasu ranar 9 ga Oktoba 1978 yana da shekara 49, a tsibirin kuma aka binne shi.

Roƙona biyu ne. Ku gyara wannan kuskure a shiri na gaba. Sannan ku ware masa fili guda, a riƙa tsayar da waƙar ana fassara baitocin da Hausa, domin yawancin masu sauraronku kiɗan kawai suke ji, alhali shi ƙarfinsa na cikin kalmomi. Idan kuna bukata, littafin da na kwafe baitocin nan a aji yana nan a akwatina.

Na gode.

Mai sauraronku, tsohon malamin makaranta,
daga Damagaram