A share layin tare wuta tun kafin ciyawa ta bushe

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarka in yi magana da manoma, makiyaya da masu unguwanni kan gobarar daji, tun da ruwa ya ɗauke, hunturu kuma yana bakin ƙofa.

Yawancinmu sai mun hango hayaƙi muke tunanin kashe wuta. A dajin ciyawa kuwa, a lokacin aikin gama ya riga ya gama. Ciyawa siririya ce, iska na ratsa ta, raɓar safe ba ta wuce awa ɗaya ko biyu a jikinta. Idan iskar hunturu ta taso daga arewa maso gabas da rana tsaka, wutar da ta kama gamba mai tsayin mutum tana iya gudun da ƙato ba zai tsere mata ba. Tana kuma ƙara gudu idan tana hawan tudu, domin harshenta na kwantawa ya gasa ciyawar da ke gabanta tun kafin ya iso. Hawa mai karkatar digiri 10 kacal kan ninka gudunta kusan sau biyu. Rugar da ke kan tudu, da daji a ƙasanta ta wajen da iska ke fitowa, ita ce ta fi kowa zama cikin haɗari.

Masu kunna ta mun san su: yara masu farautar gafiya da zomo, masu ɗiban zuma da hayaƙi, manomi mai ƙona sharar gona, makiyayi mai neman sabon toho, da mai jefar da guntun taba. Ghana ta ɗanɗana kuɗarta a 1983, lokacin da fari da gobarar daji suka cinye gonakin koko da na abinci, har ta kai ga kafa dokar hana gobarar daji a 1990 da rundunonin sa kai a ƙauyuka. A Nijar ma, duk bayan damina ana ɗaukar mutane aikin share dogayen layuka a filayen kiwo na jihohin Tawa, Maraɗi da Damagaram don kada wuta ta lashe abincin dabbobi.

Wannan layin shi ne babban magani, kuma fartanya da manjagara sun isa a yi shi. A share ƙasa ƙal, ba kara ba ganye, kewaye da gona, rumbuna ko ruga. Inda ciyawa gajeriya ce, faɗin mita 5 zai yi. Inda gamba ta yi tsayi, kada ya gaza mita 10, a kuma ƙara faɗaɗa shi ta gabas da arewa. Idan hannu ya yi kaɗan, a share layi biyu masu faɗin mita 2 kowanne, a bar mita 10 zuwa 15 a tsakaninsu, sannan a ƙone tsakiyar da yamma bayan iska ta kwanta, da mutane a tsaye a kowane gefe. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a sare ciyawa a jibge ta a bakin layin. Wannan gada ce aka gina wa wuta. Haka nan busasshiyar bishiya ko reshen da ya rataya a kan layin, daga nan tartsatsi ke tsallakawa.

Ban ce a daina ƙuna gaba ɗaya ba, lokacinsa ne abin dubawa. Wutar Nuwamba zuwa farkon Disamba, lokacin da ciyawa ke da sauran ɗanyantaka, tana tafiya a hankali, tana tsallake wurare, ba ta kashe manyan bishiyoyi, kuma tana rage abin da babbar wuta za ta ci nan gaba. Shi ya sa ma'aikatan gandun daji ke ƙuna da wuri. Wutar Fabrairu da Maris ita ce mai kashe ƙananan kaɗanya da ɗorawa, ta bar ƙasa tsirara ruwan farko ya zo ya wanke ta. Manomin da ke ganin toka taki ce ya sani yawancin sinadarin naitirojin, wato abincin shuka da ke cikin kara, ya bi hayaƙi, abin da ya rage a tokar ma iska na kwashewa.

A gida, a bar fili na aƙalla mita 10 babu ciyawa tsakanin daji da danga ko zana. Kada a jingina damin kara da harawa a jikin rumbu, kada kuma a tara abincin dabbobi na shekara guda a wuri ɗaya.

In wuta ta riga ta tashi, kada kowa ya tare ta ta gaba. A bi ta gefe, a tsaya a inda ta riga ta cinye, a riƙa bugun gindin wutar da ɗanyen reshen dogon yaro ko jiƙaƙƙen buhun algarara, ana mai da tartsatsin cikin ƙonannen wuri. Famfon feshi na goyo mai lita 16 yana aiki sosai idan an wanke maganin da ke ciki, ana fesa ruwan a gindin wuta, ba kan harshenta ba. A guji tufafin roba da silifas, narkewa suke a jikin fata. Wanda ta rutsa da shi kada ya gudu sama kan tudu ko ya bi gaban iska, ya nemi ƙonannen wuri, hanya ko fako. Kunna wata wuta don ta tari mai zuwa aikin gwanaye ne, kuma sai daga bakin layin da aka share, in ba haka ba gobara biyu za a samu.

Bayan ta mutu, kututture da busasshen kashin shanu na iya ci gaba da ci a ɓoye har washegari. A bi bakin wurin a binne su da ƙasa, a bar mutum biyu su kwana suna dubawa.

Roƙona ga dagatai da shugabannin ƙananan hukumomi shi ne su sa ranar gayya ta share layuka kafin Nuwamba ta ƙare, su zauna da arɗo da sarkin dawa a tsayar da ranakun da aka yarda a yi ƙuna, a sanar a masallatai da kasuwanni.

Daga wani malamin gona