Sanarwa kan zuba sakamakon tambayar rumbun bayanai cikin tebur

Assalamu alaikum ƴan uwa, barkanmu da war haka.

Da yake yawancinmu muna ciro bayanai daga rumbu (wato database) muna jera su a tebur a shafin intanet, don Allah kowa ya duba wannan kafin ya miƙa aikinsa.

Abin da ya fi damuna shi ne zuba rubutu yadda ya fito. Duk abin da wani ya shigar, ko da sunansa ne, a tace shi tukuna: alamar < ta koma <, alamar & kuma ta koma &. In ba haka ba, mugu zai iya cusa umarnin JavaScript, yaren da ke aiki a shafukan intanet, a gurbin suna, ya yi aiki a kwamfutar duk wanda ya buɗe shafin. Don yin tacewar, masu aiki da yaren PHP ga htmlspecialchars, masu yaren Python ga html.escape. A tace lokacin nunawa, a bar na rumbu yadda yake, kada a wayi gari an tace sau biyu rubutu ya dagule.

NULL da rumbu kan dawo da shi ba sifili ba ne. Ma'anarsa babu bayani, Python kuwa None zai buga wa mai karatu. Ku sa "babu" a gurbin.

Kwanan wata ma akwai tarko: 03/04 a Amurka 4 ga Maris ne, a Ingila 3 ga Afrilu. Tsarin ISO 8601, wato shekara, wata, rana, ya raba gardama.

Ku tabbata rumbu da shafi duk suna kan tsarin adana haruffa na UTF-8, domin a tsarin latin1 haruffan ƙ, ɗ da ɓ alamar tambaya suke komawa. In layuka sun yi yawa, a sa LIMIT, umarnin da ke iyakance yawan layukan da rumbu zai dawo da su, a rarraba su.